Takardar Jidda a Teburin Dikko

Shekara goma sha tara Dikko ya yi yana sayar da shayi a bakin titin da ya nufi kasuwar Birnin Kebbi, kuma bai taɓa jin wani ya kushe takardar da yake naɗe burodi da ita ba. Tsohuwar jarida ce, wani lokaci takardar buhun siminti da aka kakkaɓe. Mutum ya ci, ya goge hannu, ya yar. Sai da aka ba Kebbi jiha, ma'aikata suka kwararo daga Sakkwato da akwatunansu, sannan Hodi ya dawo daga Yamai ya kafa tebur a ƙetaren titi, daidai inda Dikko zai gan shi ko bai ɗaga kai ba.

Hodi ɗan ƙanen mahaifin Dikko ne, gidansu ɗaya a Argungu. Shekara bakwai ya yi yana aiki a wani gidan gahawa a Nijar, ya dawo da iyayi cike da ciki. Gahawa yake dafawa, ba shayi kaɗai ba. Burodinsa dogo ne mai ɓawo kamar sanda, direbobin Kamba ke ɗauko masa daga Gaya ta Nijar. Abin da ya fi ci wa Dikko rai shi ne 'yar jakar takarda ruwan ƙasa da yake zura burodin a ciki, an buga mata hoton kofi yana hayaƙi da rubutun Faransanci. Sai ka ga babban ma'aikaci ya rataya ta a hannun babur yana tafiya yana ɗaga kai.

Duk wannan Dikko ya haɗiye. Wanda ya kasa haɗiyewa shi ne Malam Abdussamadu.

Malam malamin Larabci ne, dattijo, kuma shekara goma sha ɗaya ke nan kullum da safe yana zama a ƙarshen bencin Dikko. Inda ya zauna nan mutane ke zama, don hirarsa ake zuwa sha rabi, shayin rabi. Dikko kuwa ba ya yi masa haɗi irin na kowa. Sukari cokali huɗu, madarar gwangwani har sai cokali ya yi nauyi, don a ganinsa ta haka ake girmama babba. To, ran wata Talata Malam ya zo, ya yi sallama, ya tambayi iyali, sannan ya duba hagu da dama ya ƙetare titi ya zauna a bencin Hodi. Kashegari ma haka. Kafin mako ya zagayo rabin bencin Dikko ya bi shi.

Kishi ya kama Dikko, irin wanda ke hana mutum jin ɗanɗanon abinci. Yana soya ƙwai idonsa na ƙetare, har ya ƙona na mutum biyu a safiya ɗaya. Shi kuwa Hodi, ko bai lura ba ko ya yi kamar bai lura ba, kullum sai ya zo gaisuwa.

"Yaya, an tashi lahiya? Ka san can Yamai ba su soya ƙwai da mai haka. Kuma shayi, kowa shi ka sa..."

"Kai Hodi, nan Kabi na, ba Yamai ba," in ji Dikko. "Tun ba ka san hanyar Gaya ba nike ba mutanen garin ga shayi. Tahi wurin sandunanka."

Hodi ya yi dariya ya koma. Dikko ya bi shi da kallo, ya yanke hukunci a ransa cewa ba gahawar ce ta ɗauke masa Malam ba, don ya ɗanɗana a ɓoye, ɗaci kawai. Ba burodin ba ne kuma, don Malam ba shi da haƙoran tauna shi. Jakar nan ce, ba wani abu ba.

Ran Juma'a suna ya kai shi Argungu, gidan Gwaggo Laure, ƙanwar mahaifinsa, wadda ke zuwa Jidda saro kaya tana sayar wa matan gari. Bayan an ci tuwon shinkafa da kifi, ya leƙa ɗakin kayanta ya gaishe ta, sai idonsa ya faɗa kan wani kwali. Cike yake da jakunkunan takarda farare tas, masu rubutun Larabci kore da ruwan zinari, an lanƙwasa haruffan sun zagaye hoton butar gahawa.

"Gwaggo, wanga hwa?"

"Wani mai gidan gahawa na can ya tashi, yab ba ni su in tare tangaran kar su hwashe. Na rasa yadda za ni yi da su. Ka ga rubutun, ba a yarwa."

Dikko bai ji ƙarshen maganar ba, ko kuma ya ji ya ture. Abin da ya gani shi ne Hodi da rubutun Nasara, shi da rubutun ƙasa mai tsarki, a garin malamai. Ya iya karatun allo daidai gwargwado, amma wannan rubutun ba wasali, kuma an murɗe shi, bai tsaya wahalar da kansa ba. Ya ɗora kwalin a cinya tun daga tashar Argungu har Birnin Kebbi, bai yarda an sa shi a bayan mota ba.

Ran Litinin kasuwa ta yi masa kyau. Ya jera jakunkunan a gaban tebur, duk wanda ya wuce sai ya tsaya. Ya yanka burodi, ya shafa bota, ya zuba soyayyen ƙwai, ya zura a takardar Jidda. Har mutum biyu daga bencin Hodi suka dawo. Dikko ya riƙa ɗaga jakar sama fiye da yadda aiki ya buƙata, don a gani daga ƙetare. Malam dai bai waiwayo ba.

Matsalar ta fara ne bayan an gama ci. A garin nan ko yaro ya ga takarda mai rubutun Larabci a ƙasa sai ya ɗauka ya cusa a tsagar bango, balle mutum ya yar da ita da hannunsa. Ma'aikacin da ya cinye burodinsa a ofis sai ya tsaya riƙe da takarda mai maiƙo, ya duba kwandon shara, ya kasa. Wani ya ninke ya sa a aljihu, mai ya ɓata masa farar shadda. Wani ya cika aljihun teburinsa da su har tururuwa ta gano. Kafin Alhamis duk wata tsaga da ke bangon titin nan ta cika da takardar Dikko, fari da kore suna leƙowa.

"Dikko, sa man cikin jarida," in ji wani direba.

"Jarida ta ƙare," Dikko ya ce, alhali tana nan ƙarƙashin tebur. Direban ya ƙetare titi.

Ran Asabar aka yi ruwa da iska, takardun suka zubo daga bango suka bi kwata. Da hantsi Dikko ya ga abin da ya daɗe yana jira, Malam Abdussamadu ya tashi daga bencin Hodi ya nufo shi. Sai dai ba kai tsaye ya zo ba. Yana tafe yana sunkuyawa, dattijo mai ciwon gwiwa, yana tsamo takardu daga cikin ruwan kwata ɗaya bayan ɗaya, hannun rigarsa ya jiƙe. Ya zo ya aza su a kan tebur, ya buɗe ɗaya, ya sa yatsa.

"Sunan mai gidan na nan, Abdurrahman. Ga Bismilla bisa kai. Ita ka kwana cikin kwata saboda kai, Dikko."

Kunya ta rufe Dikko har ya rasa inda zai sa idonsa. Amma kishi ya fi kunyar ƙarfi, sai ya fito da abin da ke cin sa.

"Malam, ai ku kunka ja. Shekara sha ɗaya, don takarda kunka bar ni."

Malam ya dube shi da mamaki. "Wace takarda? Ni likita ya ce ina da ciwon sukari. Sau ukku ina hwaɗa maka ka rage hannu, kana dariya kana cewa ba ka yi man rowa. Shi Hodi can ya koyo, ba su sa wa mutum sukari. Sai su aza shi gehe, wanda ka so shi sa."

Dikko ya tuna. Sau uku ɗin kuwa, kuma duk ukun ya ƙara cokali ne, yana jin daɗin kansa. Ya tuna kuma maganar da Hodi ya fara ranar nan, wadda ya katse.

Da azahar ya kwashi kwalin da duk abin da ya iya tsincewa a titi, ya haƙa rami a wuri mai tsabta bayan gida, ya ƙone su, ya binne tokar. Hodi ya aiko masa da damin jakunkunansa masu hoton kofi, Dikko ya mayar masa ko kwancewa bai yi ba.

Ran Litinin ya fito da jaridarsa kamar da. Sabon abu ɗaya ne a teburin, 'yar tasa da ya zuba sukari a ciki ya ajiye gefe, ya ɗan kare ta da gwangwanin madara don kada a hango daga ƙetare. Malam ya zo, ya yi sallama, ya ga tasar. Ya tattara rigarsa ya zauna a ƙarshen benci, wurinsa. Mutum uku suka tashi daga bencin Hodi suka biyo shi. Dikko ya zuba shayi, hannunsa ya nufi cokali da kansa, ya janye shi da ƙyar. Malam ya kurɓa, ya lumshe ido, ya gyaɗa kai, sannan ya juya ga mutanen benci ya ɗaga murya yadda har ƙetaren titi za a ji.

"Madalla da Dikko! Kun gani, yanzu shayinai kamar na Hodi."

Dikko ya ce, "Na gode, Malam." Ya juya baya ya kama fifita gawayin da ya riga ya kama.