Ragunan Alec Dargue

Ta ƙofar baya Alec Dargue ya shigo shagon, inda ake fitar da ƙasusuwa da shara. Wilf Gaskarth yana tsaye yana kankare katakon sara, ya ɗaga kai ya gan shi da hula a hannu, ruwan sama na ɗiga daga kafaɗunsa. Tun suna 'yan makaranta suke tare, bai kuma taɓa ganin Alec ya shiga wani wuri a saɗaɗe ba. Mutum ne da muryarsa ke riga shi isa ko'ina.

"Sarkin Fawa," in ji Alec ƙasa-ƙasa, "akwai kowa a gaba?"

"Wa zai kasance? Tun safe mutum biyu na gani, ɗayan ma hanya ya zo tambaya. Lafiya kake raɓe-raɓe kamar ɓarawon kaji?"

Alec bai yi dariya ba. Ya jingina da ƙofar ɗakin sanyi, ya murɗe hular kamar mai matse wanki.

"Ba ni da raguna, Wilf."

Taron makiyaya ya kusa. Kowane watan Nuwamba mutanen kwarin kan sauko da tumakin da suka ɓace suka faɗa garken wani, kowa ya duba alamar kunne da shafin fenti ya karɓi tasa, sannan a shiga zauren ƙauye a ci dahuwar nama da dankali. Gidaje ke karɓa-karɓa wajen ba da raguna uku na tukunyar. Mahauci ke kai su mayanka, shi ke dafawa, shi ne kuma ke miƙewa kafin kowa ya sa cokali ya faɗi garken da naman ya fito, a ɗaga kofi don girmama gidan. Uban Wilf ya yi wannan aiki, kakansa ma ya yi. Bana layi ya zo kan gidan Dargue.

"Ina suka tafi?"

"Na sayar. Duka. Tun Satumba, a wata kasuwa hayin iyakar Scotland inda ba wanda ya san fuskata. Tallafin gwamnati kullum raguwa yake, buhun abincin dabbobi kullum hawa. Da me zan raba iyayen da hunturu? Da addu'a?"

"To ka cire uku cikin iyayen mana."

Alec ya dube shi kawai, Wilf kuwa ya ji kunyar maganar tun kafin ta gama fita. Tsaunin ba shi da shinge. Kowace tunkiya ta san iyakar makiyayar gidansu ne don uwarta ta nuna mata, ita ma ta nuna wa 'yarta. Alec ya riga ya rage iyayen har ba sauran ragi. In ya ƙara taɓa su, tumakin maƙwabta za su mamaye gefensa na tsaunin, kuma wurin da garke ya manta ba ya komawa.

"Ko ka gaya wa kwamiti. Wani ya karɓa bana, kai ka yi baɗi."

"Ni? In tsaya gaban Edna Relph in ce mata ɗan Dargue ba shi da raguna uku? Gara ka rataye ni a ƙugiyar can."

Wilf ya gane abin da ke cin sa. Lokacin ƙuri'ar ficewa daga Tarayyar Turai, Alec ne ya rubuta kiran a fice da farin fenti a bangon rumbunsa, shi ya yi ta jigilar tsofaffi zuwa rumfar zaɓe, yana rantsuwa cewa makiyayi zai sha iska. Da gwamnati ta ƙulla yarjejeniya da ƙasashen can ƙarshen duniya don a riƙa shigo da namansu cikin sauƙi, shi ne kuma ya fi kowa ɗaga murya, yana cewa gara ya tafasa takalminsa ya ci da ya sa naman jirgin ruwa a baki. Wilf ma gefensa ya zaɓa, shi dai bai yi surutu ba.

"Naman nan na kwali," in ji Alec, idonsa a ƙasa, "na ƙasashen waje, wanda motar dillali ke yawo da shi. Abin da ke hannuna zai kai shi, ba zai kai ragunan kwarin nan ba. Ka saya, ka dafa." Ya ɗago ya dubi Wilf. "Ka ce nawa ne."

Wilf ya ajiye abin kankarar. Bai taɓa sa wannan naman a shagonsa ba, shi ya sa ma shagon ya zama kufai. Matan ƙauyen sun koma babban kantin birni, kuma bai ga laifinsu ba, don yaro ba ya ƙoshi da sunan gona. Abu ɗaya ya rage masa: in ya ce wannan ƙafar daga garken wane take, ba mai sake tambaya.

"Ka san abin da kake roƙo?"

"Na sani. Shi ya sa ban je wurin kowa ba."

Kwana da kwanaki Wilf yana juya maganar. Naman lafiyayye ne, ba wanda cikinsa zai ɓaci. Ba za a karɓi kuɗin kowa ba, balle a ce an cuce shi. To wa ƙaryar za ta cuta? Ya nemi mutumin bai same shi ba, amma duk da haka abin ya ƙi kwanta masa. In ya ƙi, gaskiyarsa ta tsira, a kan fuskar abokinsa. In ya yarda, abokin ya tsira, shi kuma ya kashe abin da ba nasa kaɗai ba ne, don mutane ba Wilf suke yarda da shi ba, mahauta uku suke yarda da su, shi da ubansa da kakansa. Wani lokaci sai ya ga kamar girman kai ne kawai yake kira gaskiya. Wani lokaci kuma ya ga kamar tsoron ɓacin ran Alec ne yake kira tausayi.

Bai yanke shawara ba. Ya dai wayi gari ya ga ya kira dillalin.

Sai da suka yi wasan har ƙarshe. Kowa ya san mahauci kan je ya ɗauko ragunan da kansa, don haka Wilf ya ɗaura amalanken dabbobi a bayan motarsa ya hau gonar Dargue. Alec ya loda masa damman ciyawa a ciki don kada ya riƙa tsalle a hanya, suka toshe ramukan iska da buhu. Ya ratsa ƙauyen a hankali, kamar mai tausayin abin da ya ɗauko, yana ɗaga wa mutane hannu. Ya je bayan gari ya zauna a mota gefen titi har lokacin da ya kamata a ce ya dawo daga mayanka.

Kwalayen suka iso da ƙanƙara a jikinsu. Da naman ya saki, Wilf ya tsaya yana kallonsa. Fari ne sol, mai laushi, na 'yan raguna da ba su kai shekara ba, waɗanda ba su taɓa hawa dutse ba. Ragon tsauni kuwa namansa ja ne wur har ya nemi baƙi, ƙamshinsa na cika ɗaki. Ya zare ƙasusuwan duka ya ɓoye. Ya yanka naman manya-manya, ya soya shi cikin kitsen tsohuwar tunkiyar kwarin da ya ajiye, ya ƙara albasa, ya zuba barkono fiye da ƙa'ida, ya bar shi a tanderu har romon ya yi duhu. Bai taɓa zuba gwanintarsa a kan wani aiki kamar wannan ba, wannan ma ya dame shi.

Ranar taro aka gama rabon ɓatattun tumaki cikin yayyafi, aka cika zauren da warin jiƙaƙƙen ulu da hayaniya. A teburin farko Edna Relph ke zaune, tsohuwar da ta haura tamanin, wadda har yanzu ita ke duba haƙoran ragunanta da kanta, kuma ba a taɓa jin ta yaba wa abin da bai kai ba. Aka jera kwanuka. Aka yi tsit. Wilf ya miƙe.

"Naman bana," ya ce, "daga garken Alec Dargue ya fito. Raguna uku, kiwon gefen arewa na tsauni."

Aka ɗaga kofuna. "Dargue!"

Wilf ya zauna bai taɓa kwanonsa ba, idonsa na kan Edna. Ta ɗebi nama, ta tauna a hankali, ta daɗe tana taunawa. Zauren ya yi shiru irin na mutanen da ke ci, ko da yake Wilf ya ga kamar shirun ya ɗan zarce na kullum. Sai tsohuwar ta goge baki.

"Alec, ciyawar gefenku ta yi kyau bana."

Nan take wuri ya ɓarke. Wannan ya ce rabon da ya ci irinsa tun zamanin uban Alec, wancan ya nemi ƙari. Alec, wanda ya shigo fuska kamar toka, ya fara dawowa cikin jikinsa. Kafin a kai ga waƙoƙi ya sha giya ta ishe shi, ya miƙe yana dukan tebur.

"Su kawo nasu a jirgi mana! Su kawo! Wanda ya ci wannan zai kalli na kwali?"

Aka yi ta buga tebur ana shewa. Wilf ya tashi ya shiga madafa, ya fara wanke tukwanen da ba a gama kwashewa ba. Ya zaci in abin ya wuce lafiya zai ji sauƙi. Sai ya tarar ƙaryar da aka kama tana da ranar ƙarewa, wadda ta ci nasara kuwa zama take yi.

Ranar Talata da hantsi Edna ta zo shagon da sandarta, ta ce a ba ta ƙashi don karenta. Wilf yana naɗe mata a takarda ta ce, kamar mai zancen yanayi:

"Ka cika barkono. Kuma ka bar shi a wuta har ya mutu. Ɗan rago ƙarami ba ya son doguwar wuta, ubanka bai koya maka ba?"

Hannun Wilf ya tsaya a kan takardar.

"Gwaggo Edna..."

"Rufe bakin, ƙuda zai shiga."

"Wa kuma ya sani?"

"Wa bai sani ba? Mutanen da suka tsufa a bayan tumaki za ka ba wa jariri ka ce musu dattijo ne? Tun cokalin farko kowa ya gane. Rabinsu ma abin da suke ci ke nan a gida, nasu na tsauni sai dai su loda a mota su yi masa bankwana."

"Amma kuka yi ta yabo."

"Me kake so mu yi? Mu tofar?"

Wilf ya dafa katakon. "Alec fa?"

"Alec yana ganin ya tsira. Ka bar shi a haka. In ka gaya masa, ni da kai ne."

Ta karɓi ƙunshin ta sa a jaka, amma ba ta juya ba. Ta tsaya tana kallon ƙugiyoyin da ke rataye babu komai a jikinsu. A karo na farko Wilf ya lura da yadda rigar ruwanta ta yi mata yawa.

"Baɗi layina ne," ta ce. "Ban ga alamar zan kai da raguna uku ba. Ka yi min irin na Alec. Bayana kuma gidan Tyson ne, su ma ka san yadda suke."

"Gwaggo, in dai kowa ya sani, me ya sa sai na miƙe na faɗa? A ci kawai a tashi mana. Ko wani ya faɗa."

Tsohuwar ta dube shi kamar yadda take duban ɗan ragon da ya kasa gane ƙofar garke.

"Saboda kai ba ka ƙarya, ɗan nan. In wani ya faɗa, ta yaya za mu yi kamar mun yarda?"

Ta gyara riƙon sandarta ta fita. Wilf ya bi ta da kallo ta gilashi har ta tsallaka titi, tana tafiya a hankali, karen na biye da jakar.