Sharar da Sagir Ya Zuba a Git

"Sagir! Ka sake ko?" Mardiyya ta buga tebur har shayinta ya fantsama.

Su biyu ke rubuta manhajar rabon taki ta wata ƙungiyar manoma a Zango, a ɗan ofishinsu na bayan kasuwar Daura. Aikin duka yana cikin Git, ma'ajiyar da ke riƙe tarihin kowane gyara. Ƙa'idar kuwa kowa ya san ta: abin da mutum ya rubuta da hannu shi ake ajiyewa. Fayilolin da kwamfuta ke haɗawa daga wannan rubutun ba a saka su, tunda kullum ana iya haɗa sababbi. Amma Sagir, Allah Ya shirye shi, kwasowa yake ya zuba su duka. Duk ranar da ta zo haɗe aikinta da nasa, sai ta wuni tana raba rikici a layukan da ba mutum ya rubuta ba.

"Yaya Mardiyya, ki bar su, suna da amfani."

"Amfanin me? Shara ce!"

Ya hau babur ya nufi Zango, inda za a yi rabo bayan azahar. Yana fita ta goge fayilolin kaf, ta hana Git sake karɓarsu, ta haɗa sababbi fes ta ɗora wa ƙungiya. Sai a sannan ranta ya yi sanyi.

Tana sallame azahar Sagir ya kira.

"Yaya, me kika yi? Rabin ƙauyuka sun ɓace! Ga dattawa a layi cikin rana, manhaja ta ce ba ta san su ba."

"Ta yaya? Ban taɓa asalin rubutun ba."

"Ai ƙauyukan ba a can suke ba. Kwamfutar ƙungiya ba ta iya haɗawa. In an kawo gyara, haɗaɗɗen fayil nake buɗewa in sa a ciki."

"Tun yaushe?"

"Tun bara."

Tsince gyare-gyarensa daga wannan curarren rubutu aikin kwanaki ne.

"Shugaban ƙungiya ya ce in manhajar ba ta tashi yanzu ba, an sallame mu," in ji Sagir.

Ta cije leɓe, ta tono fayilolin daga tarihi, ta mayar da su inda suke.

"Alhamdu lillahi, ta tashi! Amma Yaya, akwai ƙauye ɗaya da aka ƙara yau. Ni mutane sun rufe ni, sai dai ke ki sa."

Mardiyya ta daɗe tana harar allon. Sannan ta buɗe haɗaɗɗen fayil ɗin.

"Faɗo sunan," ta ce.