Ramuka Uku a Faifan Asenaca

'Yar Asenaca da ke Auckland ce ta nace a kai kwamfutar uwar zuwa shagon gyara na Ashneel a garin Labasa, wai ta cika nawa. Asenaca ba ta taɓa ƙorafi ba. Takan kunna ta, ta ɗora rogo a wuta, kafin ya nuna ta buɗe, sai ta zauna ta saurari muryar marigayi mijinta, Sairusi, yana zayyana iyakokin gonar danginsu. Ran Asabar za a yi zaman dangi a kan gonar nan, ƙanin mijin ya riga ya fara matso da shukar rakensa cikinta, muryar ce kaɗai shaidarta.

Ashneel ya cire tsohon faifan ajiyar mai gurnani, ya sa sabo, wanda suke kira SSD. Ya danna, kafin ƙiftawa ta buɗe. Ya tsaya yana murmushi, wai a yaba masa.

"Ina mijina?" in ji ta.

"Na kwashe hotuna duka, Mama. Ashe akwai wani ɓangare a can ciki?"

"To, mayar da tsohon."

Ya sosa ƙeya, ya ɗauko shi daga kwali. Ramuka uku, har kana hango haske ta ciki. Wai ƙa'idar shago ce, duk faifan da aka cire a huda shi, kada wani ya ga sirrin mai shi.

"Sannu da aiki, sarkin riƙon amana! Ka ɓoye sirrina har ni ma na rasa shi. Ka san abin da ka huda kuwa, mara kunya? Daga mangwaron da tsawa ta faɗa wa, ka bi rafi zuwa baƙin dutse, ka juya gabas ta kabarin kakansa Viliame, kwakwa bakwai a jere, ta takwas ba tamu ba ce..."

Ta yi ta zubowa, tana dukan tebur, har wurin da Sairusi kan tsaya ya yi tari ita ma ta tsaya. Shekara shida tana jin abu kullum da safe.

Ashneel ya miƙo abin ɗaukar magana a hankali. "Mama, ko za ki maimaita? Sabon nan yana ɗauka da sauri."

"Muryata ce za ta ba ƙaninsa tsoro? Ni da ya raina?" Ta harare shi, ta jefa faifan mai ramuka a jaka. "Ranar Asabar ka rufe shagon nan. Kai za ka tsaya gaban dangi ka faɗa musu wanda ya huda Sairusi. Kunna abin ɗaukar."