Reshen da Ekow Yake Karyawa

Shekara biyu Ewurasi ta yi tana son Ekow, kuma duk ta yi su ne tana kallon hannunsa na hagu. Duk inda suka sha kwana a Takoradi, ko hanyar coci ko ta bakin teku, in dai akwai shuka a gefe sai ya kai hannu ya karya ɗan reshe, ya bar shi yana reto. Shi bai ma san yana yi ba. In ta tambaye shi dalili sai ya yi dariya. In ta tambayi garinsu kuwa, dariyar ma ɗaukewa take yi.

"Mahaifiyata ta rasu, sauran kuma ba labari ba ne." Iyakar abin da yake cewa ke nan.

Ga shi saura wata uku danginsa su zo neman aurenta, amma ko mutum ɗaya ba ta sani ba a cikinsu. Uwarta kuwa ta rantse ba za ta ba da 'yarta ga wanda ya faɗo daga sama ba.

A jikin tsohuwar takardarsa ta firamare ta ga sunan ƙauyen: Esiadze, can bakin kurmi. Da ta sami hutu a asibitin da take aikin jinya, sai ta ce masa yawon daji take sha'awa, kuma a Esiadze, ko ya biyo ta ko ta tafi ita kaɗai. Ya biyo ta.

A rumfar da ake karɓar baƙi aka haɗa su da ɗan jagora, wani dattijo siriri mai furfura, ana kiransa Egya Bentsil, wato Baba Bentsil a yarensu. Yana wasa addarsa a kan dutse suka iso. Ya ɗago ya dubi Ekow, dubawa mai tsawo. Sannan ya mai da ido kan takalmin Ekow.

"'Yata, wannan da kika kawo min, daji zai shiga ko ɗaurin aure za shi?"

"Malamin makaranta ne, Egya."

"Malami! To madalla. Bari mu ga ko ya iya karanta ƙasa."

Ekow ya ja hularsa ya rufe ido.

Suka ratsa gonakin koko, suka shiga kurmi. Nan take rana ta ɓace, sai wani haske kore mai laushi da ke tsiyayowa ta tsakanin ganye. Ƙasa na tashin ƙamshin ruwan jiya. Ewurasi ta ji kamar ta shiga cikin ƙirjin wani abu mai rai da ke numfashi a hankali. Komai sai ta tambaya. Wane tsuntsu ne fukafukansa ke ƙara kamar ana sheƙe hatsi? Wannan rimin da saiwoyinsa suka fi ta tsayi, shekararsa nawa? Wannan tulin kuma fa?

"Kashin giwa ne, na shekaranjiya," in ji dattijon. "Ke jinya kika ce kina yi, ko aikin ɗan sanda?"

Tana dariya, amma idonta na kan Ekow. Ta ga ya tsallake layin kwarkwasa tun kafin a ce a yi hankali. Ta ga ya sunkuya ya wuce ƙarƙashin wata igiya mai ƙaya ba tare da ya ko ɗaga kai ba, ita kuwa sai da ta kama mata gashi. Mutumin da ke ɓata a kasuwar Takoradi, yau shi ne ke taka daji kamar tsakar ɗakinsa.

Bayan sun haye wani rafi, ruwa har gwiwa, hanya ta rabu biyu. Egya Bentsil ya bi dama, ya kai hannun hagu ya karya reshe. Ƙas! Kafin ƙarar ta mutu sai ga wata daga bayanta. Ƙas!

Ewurasi ta tsaya cak a tsakaninsu.

"Egya, me ya sa kake karya reshe?"

"Aikin maharba ne, 'yata. Da can ni maharbi ne. Inda kan reshen ya kalla, nan ce hanyar gida." Bai juyo ba. "Kowa da irin karyawarsa. Ni da hagu nake yi, ba na tsinkewa, ganye uku nake bari. Mutum ɗaya tak na taɓa koya wa."

Ta koma da baya a hankali, ta kama reshen da Ekow ya karya. Ɗaya, biyu, uku.

"Ekow. Wane ne shi?"

Ya zauna a kan wani kututture kamar an zare masa ƙashi. Ya cire hular.

"Babana ne." Ya sunkuyar da kai. "Ina ɗan shekara sha biyar aka koya mana a makaranta cewa namun daji sun kusa ƙarewa. Na ji abin har zuciyata. Da ma'aikatan gandun daji suka zo, ni na nuna musu inda yake ɓoye bindigarsa. Wata shida ya yi a tsare. Ranar da za a sake shi na gudu wajen ƙanin mahaifiyata. Da wane ido zan dube shi, Ewurasi? Shekara goma sha biyu ke nan."

Hawaye suka cika mata ido. Ta juya ga dattijon, tana jiran tsawa ko kuka. Shi kuwa yana tsaye yana goge bakin adda da ganye.

"Sha uku," ya ce. "Malami ne, amma ƙirge ya gagare shi."

"Egya, ka yafe..." in ji Ekow.

"Kai, rufe min baki, ɗan birni! Fushi na yi, ƙwarai ma. Wata shida ina shirya irin dukan da zan yi maka. Na dawo, babu bindiga, babu ɗa. Wanne kake tsammani na yi ta nema a tashar mota?" Ya ci gaba da goge addar. "Waɗanda suka kama ni, su suka dawo suna roƙo in nuna wa baƙi daji. Yanzu birai ma raina ni suke yi, har 'ya'yan itace suke jefa min."

Ya dubi Ewurasi.

"A can ma yana karya musu shuke-shuke?"

"Kowace kwana, Egya. Har mai gidan hayarsa ta gaji da faɗa."

Dattijon ya kau da kai da sauri, ya shiga duban saman bishiya kamar akwai abin gani. Ya daɗe a haka. Ewurasi ta share fuskarta, ta matsa kusa da shi.

"Nan da wata uku ana neman wanda zai zo gidanmu neman aure. Uwata ta ce sai ta ga dangi."

"Wa za ki aura? Wannan mai takalmin?" Ya girgiza kai. "Sai na gani tukuna. Akwai magangarar ruwa a gaba, tun yana ɗan tsito nake kai shi." Ya juya addar, ya miƙa wa Ekow ƙotar. "Shige gaba. In ka kai mu ba ka ɓata ba, zan yafa zanena mai kyau in je. In ka ɓata, ni zan ba ta shawara ta nemi wani."

Ekow ya karɓa da hannu biyu. Ya dubi hanyar dama da uban ya riga ya bi, ya dubi ta hagu, sannan ya dubi uban.

"Egya, ai ba nan ba ce. Hagu ake bi."

"Ashe?" in ji Egya Bentsil, yana ɓoye murmushi. "To mu je mana. Tuwon dokunun da ke jakar 'yata ba zai ci kansa ba."