Kwalba ta Saba'in da Biyu

Shekara uku Malam, malamin lissafi, yana kiwon lambobi a wani littafi mai shafi ɗari, kowace lamba da shafinta. Wasan ba wuya: ka ɗauki lamba ka yi ta ninka ta, sau ɗaya, sau biyu, sau uku, har alƙaluma goman nan, sifili zuwa tara, kowanne ya leƙo. Babu wadda ta fi lamba biyu taurin kai. Ba ta sakin tara sai a casa'in, ninki na arba'in da biyar. Har ya aika wa taron malamai taken jawabinsa: babu lambar da ke wuce arba'in da biyar.

Yana cikin yi wa matarsa bayani a falo, tana gyaɗa kai irin na mai jiran a gama, sai ƙaninta, mai cika kwalaben maganin tari a kamfani, ya sa baki.

"Yaya, ka gwada ɗari da ashirin da biyar?"

"Littafina a ɗari ya tsaya."

"Ai lambobi ba su tsaya ba. Injinmu mililita ɗari da ashirin da biyar yake zuba wa kowace kwalba, yana tarawa a allo. Taran allon ta lalace, da ta fito sai inji ya ƙame. Kullum kuwa a kwalba ta saba'in da biyu, dubu tara cif."

Matar ta tafa. "Ɗan gidanmu ke nan!"

Shekara ashirin da aure, ba ta taɓa tafa wa lissafinsa ba.

Malam ya kulle kansa a ɗaki, ya maimaita lissafin lambar har sau uku daga farko, yana roƙon Allah tara ta ɓullo da wuri. Ta ƙi. Ya sauya jawabin.

Ranar taro, da ya ambaci saba'in da biyu, zauren ya ɗauki tafi. Shugaban taro ya ce, "Malam, yaya aka yi ka gano?"

Ya buɗe baki zai ce dogon bincike ne, sai ya hango matarsa a layi na biyu, ƙaninta a gefe cikin sabuwar riga.

"Wani lalataccen inji ne ya taimaka," in ji shi.

Ƙanin ya miƙe. "Ranka ya daɗe, ni ke tuƙa injin."

Aka sake tafi. Malam ya duba agogo: wannan tafin ya fi nasa tsawo da daƙiƙa tara.