Ɓarauniyar Addu'a

Ni dai tun farko matar nan ba ta kwanta mini ba. Ba zan yi ƙaryar cewa na san abin da take ƙullawa ba, amma duk wanda ya yi tsit a inda kowa ke ihu, lumbu-lumbu ne, wutar ƙaiƙayi.

Sunana Gil-ja, kifi nake sayarwa a kasuwar bakin teku ta Mokpo, kuma tun ƙafafuna ba su fara ciwo ba nake zuwa addu'ar asuba a cocinmu, inda nake dikoniya, wato mai hidimar coci. Fasto ya gama ɗan wa'azinsa, a rage fitilu, a saki kiɗa da ƙarfi, mu ɗaga hannu mu kira "Ya Ubangiji!" sau uku, sai kowa ya ɓarke da tasa addu'ar da iyakar maƙogwaronsa. Amfanin hayaniyar ke nan. Abin da ba za ki iya faɗa wa mijinki ba, nan za ki kwarara shi, ta kusa da ke ba ta ji, don ita ma tata ta ishe ta.

Yaya Ok-bun a damana take zama shekara da shekaru. Ta girme ni, mijinta ya rasu, tana zaune da ɗanta da matarsa. Na san tana kuka a addu'a, don matashin da take durƙusawa a kai kullum a jiƙe yake, amma ko kalma ɗaya ban taɓa tsinta ba. Ina ruwana? Ni da nake fama da ɗana Dong-su mashayi, ina na ga kunnen sauraron wani?

Sai ga Malama Hye-ran, matar likitan haƙori, marubuciyar da cocinmu ke taƙama da ita. Labarai take rubutawa na masu bi, irin masu sa mata hawaye, a ƙarshen kowane babi kuma ta jera tambayoyi don zumuntar mata su zauna su tattauna. Har a Seoul, babban birnin ƙasa, ana amfani da su. Wata asuba ta ɗauko matashinta daga layin gaba ta dawo gefen Yaya Ok-bun, wai kusa da tsofaffi ake samun albarka. In aka fara ihu, sai ta sunkuyar da kai, baki a rufe. Na ce a raina addu'ar 'yan boko ke nan, ba sa so kwalliya ta ɓaci.

Da sabon littafinta ya fito, fasto ya ɗaga shi a kan bagade ya ce kowace ƙungiyar unguwa ta karanta. Mu a tamu ƙungiyar, gida-gida muke zagayawa ranar Juma'a, kuma makon da muka kai babi na uku, a gidan Yaya Ok-bun taron ya faɗo. Surukarta Mi-ryeong ta kawo shayin sha'ir da yankakken tuffa, sannan ta ɗauki littafin, don ita ce mai sauran ido a cikinmu.

Labarin wata budurwa ne da teku ta cinye saurayinta kafin a ɗaura aure, ta haihu a ɓoye. Ta sa jaririyar a kwandon kifi, ta ajiye a tashar jirgin ruwa, ta laɓe bayan ginshiƙi har ɗan sanda ya ɗauka. Daga baya ta ji irin waɗannan yaran ƙasar Turawa ake kai su. Ta yi aure, ta yi shiru. Amma duk shekara, washegarin Kirsimeti, sai ta dafa miyar ganyen teku, miyar da ba a yin ta musamman sai ranar haihuwar wani, alhali babu mai ranar haihuwa a gidan. Ta zuba kwano ɗaya fiye da mutanen gida, ya huce, ta zubar.

Nan Mi-ryeong ta dakata da karatun. Ta ɗago ta dubi uwar mijinta, ta sake duba takardar.

Shugabarmu, baiwar Allah, ba ta lura da komai ba. Ta karɓi littafin ta ce, "To, tambaya ta farko. Wane zunubi ne ya kai matar nan ga yar da 'yarta? In ke ce, me za ki yi? Babba ke farawa. Yaya, muna jin ki."

Yaya Ok-bun na riƙe da kofi, shayin yana zuba a kan siket ɗinta ba ta sani ba.

Mi-ryeong ta ce a hankali, "Mama... kwanon nan da nake wankewa duk shekara, na wane ne?"

Wayyo! Tsohuwa ta buɗe baki ta ce, "Ban faɗa wa kowa ba. Ko mijina ya tafi kabari bai sani ba. Ubangiji kaɗai na faɗa wa." Ta bi mu da kallo ɗaya bayan ɗaya. "Shi ne ya ba da ni?"

A nan kaina ya yi haske, na tuna Malama Hye-ran a sunkuye, baki a rufe, kunne a buɗe. Na ce, "Yaya, ba shi ba ne. Ɓarauniya ce ta zauna miki a gefe."

Kafin Lahadi labari ya gama unguwa, don ba kowace mace ce ta san ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba. Ɗan Yaya Ok-bun ya daina zama cin abinci da ita. Ba zagi, ba faɗa, sai dai ya ɗauki kwanonsa ya shige ɗaki.

Bayan 'yan kwanaki ta zo rumfata da littafin a jaka. Na ce, "Kawo in naɗe kan kifi da shi."

Ta ce, "A'a, Maman Dong-su. Karanta mini ƙarshensa."

Na goge hannu na karanta, ina yi ina tsaki. Wai 'yar ta girma a ƙasar Turawa, ta zama malamar asibiti, ta auri mai bi, tana da yara biyu. Ta dawo neman uwarta, suka haɗu a ƙofar coci, ta rungume ta ta ce ta yafe. Da na ɗago, sai na ga fuskar Yaya ta yi wani haske da ya ba ni tsoro.

Ta ce, "Malamar asibiti. Yara biyu. Ashe tana raye."

"Yaya, labari ne fa!"

"Kwandon labari ne? Ginshiƙin labari ne? Duk abin da ta rubuta gaskiya ne, ko ɗaya ba ta kuskure ba. Masu ilimi suna da hanyoyinsu, wataƙila ta bincika ta gano ta. Tashi ki raka ni."

Na yi magiya, na yi faɗa, ta ƙi ji. Ta saya wa marubuciyar kwalin lemo ma, wai ba a zuwa roƙo hannu rabbana. Haka na rufe rumfa na bi ta ina cizon yatsa.

Malama Hye-ran ta buɗe mana ƙofa da murmushi har kunne. Falo fes, gicciye a bango, littattafanta a jere. Ban jira an ba ni wurin zama ba.

Na ce, "Ke, ba ki jin tsoron Allah? Tsohuwa na magana da Mahaliccinta kin kafa mata kunne?"

Ta dafe ƙirji. "Haba, Dikoniya! Ai na canza suna, na canza gari. Kin san mata nawa suka ce littafin nan ya dawo da su ga Ubangiji? Hawayen Mama bai zuba a banza ba, ya zama shaida."

"Shaida mai ita ke tashi ta bayar da bakinta. Wannan sata ce, ko da an buga mata aya a bango!"

Yaya Ok-bun ta ja mini hannun riga. Ta ajiye kwalin lemon, ta durƙusa a kan gwiwoyin nan nata masu ciwo, a gaban matar da a shekaru ba ta wuce sa'ar 'yarta ba.

Ta ce, "Malama, ban zo faɗa ba. Abin da ya wuce ya wuce. Ki dai faɗa mini wace ƙasa take. Ba zan dame ta ba. Ko hoton yaran ne in gani."

Murmushin ya ɓace. Malama ta dube ni kamar ni zan cece ta, na kau da kai.

Ta ce, "Mama, ai... wannan ɓangaren ni na ƙirƙira. Masu karatu suna bukatar bege. Ba a rufe littafin masu bi da baƙin ciki."

"Ba ki neme ta ba?"

"A'a, Mama."

"Ko sau ɗaya? Ko tambaya?"

Malama ta girgiza kai.

Yaya ta daɗe a durƙushe. Sannan ta miƙo mini hannu na ɗaga ta, ba nauyi, kamar na ɗaga kwandon da ba komai. A bakin ƙofa, tana laluben takalminta da ƙafa, ta juyo.

Ta ce, "Rabin farko nawa ne, kin ɗauka ba ki tambaye ni ba. Rabin ƙarshe naki ne, na zo da gwiwata ina roƙo, kin ce babu."