Haddar Mu'awiyya

Kwamfuta, caja, gorar ruwa, rake biyu da na saya a Makarfi. Abin da ke jakata ke nan a bayan babur, kan hanyar Taba.

Ƙungiyar manoman rani ce ta kira ni. Suna da manhaja mai kunna injinan ban ruwa, wadda Mu'awiyya, ɗan limamin garin, ya rubuta. Shugabarsu, Hajiya Indo, ta ce in duba aikin: in babu kyau a sallame shi.

A ofishinsu na ɗora manhajar bincike, mai karanta rubutun manhajarsu ba tare da ta kunna ta ba. Ta fito da kuskure dubu huɗu.

"Dubu huɗu!" in ji Hajiya. "Mu'awiyya, ko gara ba ta yi wa rumbu haka."

Ya sunkuyar da kai. Na karanta layin farko, na ga laifin nawa ne. Manhajar binciken sai an ba ta jerin yadda ake harhaɗa kowane fayil, da wane umarni, daga wane wuri. In babu shi, lalube take yi.

"Malam, ina jerin umarnin harhaɗawa?"

Mu'awiyya ya taɓa goshinsa.

"Duka?"

"Fayil sittin da uku ne kawai, Injiniya. Ai ko izu biyu ba su kai ba."

"Ranar da zazzaɓi ya kama ka fa?"

"Sai a yi mini addu'a."

Na kunna abin da ke naɗar kowane umarni yana zuba shi a jeri. Na ce ya biya mini haddar, amma da yatsu. Ya zauna yana bugawa, leɓe na motsi, jiki na rangaji. A fayil na arba'in ya yi tuntuɓe, sai ya goge komai ya koma farko.

"Gyara wannan layin kawai!"

"A gidanmu ba a ɗinke hadda daga tsakiya."

Sau uku ya koma. Na shanye rakena duka. Bayan la'asar jerin ya cika, na sake binciken: kuskure goma sha ɗaya. Ɗaya ne mai haɗari, wanda zai iya barin inji yana zuba ruwa har albasa ta ruɓe. Ya gyara shi nan take.

Hajiya ta tambaye ni ko sha ɗaya da yawa ne. Na ce na ga wanda ya fi haka a manyan kamfanoni.

Ta fito da mu waje, ta ja ƙofar ofis ta datse.

"Mu'awiyya yana nan a aikinsa. Amma daga yau, duk abin da ya haddace sai ya rubuta shi."